Ɗan Dutsen Cikin Tocilar Kawu

Yau tocilar da Kawu ya bar mini ta mutu. Kawu tsohon malamin kimiyya ne da ya koma dafa mazarƙwaila a Kudan. Ranar da likita ya ce ƙafata ba za ta miƙe ba, a bakin tukunya na same shi, hayaƙi da ƙamshin rake sun cika rumfa. Ya ƙyale ni na gama kuka, sannan ya nuna mini ƙwan tocilar.

"Ɗana, akwai ɗan dutse a cikin ƙwan nan, in tsantsa ne ba ya haske. Da gangan ake sa masa gauraye, har tsarinsa ya ɗan karkace, sannan yake ba da haske."

Rumfar ta rushe yanzu, ni kuwa da ɗingishi nake wuce ta. Allah ya haskaka makwancinka, Kawu.