Motar da Aka Toshe wa Ƙofa

Duk baƙon da ya shigo gidanmu a Wudil, da ya wuce zaure sai ya ja ya tsaya, ya tambaya ta ina motar nan ta shigo. Ba laifinsa ba ne. A-kori-kura ce guda zaune a tsakar gida, ɗakuna sun kewaye ta, ƙofar da ta rage kuwa ko babur sai an karkata shi yake wucewa.

Ta Babanmu ce, da ita ya ciyar da mu. Yakan ɗauko hatsi da gyaɗa daga Darki da Indabo, ran Juma'a kuma ya wuni yana jigilar 'yan kasuwa. Mu yara a baya muke hawa, kan buhuna. Kujerar gaba ta manyan fasinja ce, dillalin shanu ko malamin da za a kai ɗaurin aure. Ko Inna, mahaifiyarmu, in za mu garinsu a baya take zama cikin mata, ta ja mayafi ta rufe fuska saboda iska.

Wata damina giyar motar ta lalace. Aka turo ta cikin gida ta wata kafa mai faɗi da ke katangar baya, Baba ya ce da kaka zai gyara. Da kakar ta zo sai aka sa ranar auren Yaya, babban wanmu, aka rasa inda za a yi masa ɗaki, aka tashi aka gina shi daidai bakin kafar nan. Tun daga ranar muka zama abin tsokana a unguwa, wai mu ne gidan da aka manta da mota aka yi gini. Ni kaina na girma ina jin haushin maginin. Mutum ya jera bulo tun daga ƙasa har sama, bai ɗaga kai ya ga mota ba?

Baba bai sake tuƙi ba har Allah ya karɓi ransa. Da aka zo rabon gado ba wanda ya nemi motar, aka bar wa Inna. Tayoyi suka zauna, fenti ya tashi, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi, rufin ya huje. Inna tana shanya kuɓewa a kan bonet, in la'asar ta yi kuma ta buɗe ƙofar gaba ta zauna da carbinta. Mun ɗauka inuwa take bi.

Ni a Kano nake koyarwa, kuma sai da furfura ta fara fito mini sannan motar ta fara damuna. Duk zuwan da na yi sai na ga ta ƙara lalacewa, in ji kamar Baba ne muka bari a rana. Ina so in ga ta tashi, in tsallaka gadar Wudil da ita, tsofaffin kasuwa su ɗago kai su gane ta. Yaya kuwa, wanda ya daɗe da komawa nasa gidan, cewa ya yi a kira 'yan gwangwan su yanka ta da wuta, a fitar da ita gunduwa-gunduwa ta zaure.

"Motar Baba za a yanka kamar sa?" na ce masa.

"Kai dai ka cika rigima," in ji shi. "Ƙarfe ne fa. Maciji kawai take tara mana."

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar, har matarsa ta leƙo. Ina da zuciya, kowa a gidan ya sani, kuma in na kafe a kan abu sai dai a bar ni. Na kawo bakanike. Ya buɗe bonet, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya ce injin zai iya tashi, amma aikin bodi sai a gareji, dole a fito da ita. Fitowa kuwa hanya ɗaya ce, a rushe tsohon ɗakin Yaya, wanda yanzu ba komai a ciki sai buhunan gero. Na ce a rushe. A duk wannan kai-komo Inna ba ta ce uffan ba, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin yarda.

Ranar da na kawo mai gini ya duba bangon, tana zaune a mazauninta. Ta bari ya tafi, sannan ta yafito ni. Na durƙusa a bakin ƙofar motar.

"Ɗan nan, ɗakin nan za ka rushe?"

"Eh, Inna. Kuskure ne aka yi tun farko, gyara shi zan yi."

"Wa ya ce maka kuskure ne?"

Ta ce tun kafin giyar ta lalace yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Ya ɓoye wa kowa, amma ita ta gane, don sai ta ajiye masa kwano ya riƙa laluben murfin. Wata Juma'a ya kusa hawa kan garken shanu a bakin gada, wata maƙwabciya da ke bayan motar ta zo ta gaya mata.

"In na ce ya daina tuƙi, ba zai ji ba. In ya ji ma, gari zai ce ya makance, shi kuwa ba zai iya ɗaukar wannan ba. Da maganar ɗakin yayanka ta taso sai na ce, Malam, ga fili can a bakin kafa. Ya daɗe yana kallona. Da safe shi da kansa ya ja igiya ya auna wa magini."

Wato duk shekarun da unguwa take mana dariya, su biyu sun san abin da suka yi. Baba ya gwammace a ce ya yi mantuwa da a ce idonsa ya tafi. Na ji kunyar haushin da na riƙe wa maginin, na kuma ji tausayin Baba ya rufe ni.

Duk da haka ban saki ba. Na ce, "To ai yanzu ba ya nan, Inna. In an gyara sai in ɗauke ki a gaba, mu je garinku."

Ta yi murmushi, ta shafa kujerar da ta yayyage. Ta ce bayan mun watse, kowa ya tafi makaranta ko aure, kullum da hantsi Baba yakan shiga ya zauna gaban sitiyari da rediyonsa. Ita kuma ta kawo koko ta zauna a gefensa, su yi ta hira har rana ta kore su.

"Lokacin da take tafiya ta mutanen gari ce," ta ce. "Ban taɓa zama a nan ba sai da ta tsaya. Ka bar mini ita a inda take. In na bi shi, ku yi yadda kuka ga dama."

Ban rushe ɗakin ba. Yaya ma da na gaya masa bai sake ambaton 'yan gwangwan ba. Mai walda kawai na kawo, ya toshe hujin rufin don kada ruwa ya zuba wa Inna, ya sa faranti a ƙasan da ya ruɓe inda take ajiye ƙafa. Ya tambaya ko a yi fenti, ta ce a bari. Har yanzu tsatsar tana ci, kuma har yanzu in na gan ta raina yana sosuwa, ban daina son jin ƙarar injin nan ba.

Zuwana na baya-bayan nan na sami Inna a cikin motar da la'asar. Bayan mun gaisa na zaga na kama ƙofar direba, da niyyar in zauna mu yi hira.

"A'a," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi daga carbin ba. "Nan wurin Malam ne. Hau baya."

Na tattare babbar rigata na hau baya, da furfurata da komai, na zauna a inda buhuna suke zama. Da fari dariya nake yi, daga baya sai na juya mata baya don kada ta ga fuskata ta gilashi.