Japanancin Ƙanena da Gaisuwar Kawu

"Taberu, nomu, iku." Ƙanena Sanusi ke nan a bakin shagonmu na Jega, waya a hannu, yana nanata Japananci.

Na ce, "Mi kaka karatu haka?"

Ya ce, "Yaya, salon magana da tsara ne. A Japan ba a yi wa babba irin wagga magana. Na girmamawar tuni na haddace shi."

Bai rufe baki ba sai ga Kawunmu ya sauka daga babur, tun daga Maiyama. Gogan ko tashi bai yi ba, hannu kawai ya ɗaga: "Kawu, ya ne?"

Kawu ya dube ni, ya wuce abinsa.

Ashe ladabin duka Japan aka aika, ba a rage wa Maiyama komai ba. Jama'a, har gidajenku haka abin yake?