Batir a Cikin Garin Kuka

A bakin Inna na fara jin sunan Hajo. Duk abin da ya ɓace a gidanmu, ko allura ce, sai ta ce, "Hajo ta biyo ta nan." Sai da na girma na gane yayar Babanmu ce, tana Magama, bakin iyaka.

Gwaggo Hajo ta tsufa tana ƙetaro da kaya daga Nijar: atamfa naɗe a ciki kamar mai juna biyu, sabulu a ƙasan ƙwaryar fura. Darasi ɗaya kwastan suka koya mata, abin da aka ce ba a yarda da shi ba, ɓoye shi ake yi. Da wannan ta raini ɗanta tilo, Mahmudu.

Huhun Mahmudu ya lalace, ba ya numfashi sai da 'yar na'ura mai batir. Dangi suka haɗa ƙarfi za a kai shi Masar a yi masa aiki. Mai shirya tafiyar ya ce kada a sa batiran canji a babbar jaka. Nufinsa a riƙe su a hannu, don suna iya kamawa da wuta inda ba mai gani. Gwaggo kuwa "kada" kawai ta ji. A ganinta ƙwace batiran za a yi ke nan, alhali ran ɗanta ne. Ba ta tambayi kowa ba. Ta binne su cikin garin kuka a kwanon ƙarfe, ta danna da cokula, ta tura ƙasan jaka.

Ni na raka su filin jirgi. Kafin a loda kaya jakar ta fara hayaƙi. Ashe cokulan ne suka taɓa bakin batiran, wuta ta kama. Aka kashe wutar, batiran sun narke. Ma'aikaciyar jirgin da ke kan kanta ta yi bayani a hankali: batirin da ke jikin na'urar ba zai kai su Masar ba, ba za a ɗauki Mahmudu ba.

Mahmudu ya dubi uwarsa, yana haki. "Tsohuwa, yau dai an kama ki."

Ba ta yi dariya ba. Kafin a samo wasu batiran ya rasu a Jibiya, ita kuma ba ta sake taka iyaka ba.

A ranar da aka hana shi hawa, gaban kantar, ta damƙe hannuna har ya yi zafi.

"Zulfa, ɗiyata, ke kika iya Turanci. Hwaɗa masu su bar shi ya hau. In batirin ya mutu a sama, ni zan riƙa hura mashi da bakina har mu sauka."