Likitan da ya hana ni cije haƙora

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Yuli, Allah ya karɓi ran likitan haƙorin da ya yi mini maganin ciwon muƙamuƙi. Ina ofis aka faɗa mini. Na ƙarasa aikin da ke gabana, na kulle durowa, na tafi gida. A littafin da nake rubuta al'amuran yini, layi ɗaya na iya sawa. Har yanzu ban yi kuka ba, kuma akwai maganar da na kasa faɗa wa iyalinka, Likita. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Na zo wurinka ne da niyyar a cire mini turmi. Kunnena na dama yana ciwo, kaina yana sarawa, in na buɗe baki sai wani abu ya yi ƙas. Na riga na yanke wa haƙorin hukunci. Ka duba shi, ka ce lafiyarsa ƙalau. Sai ka ɗora yatsu a gaban kunnuwana, ka ce in buɗe, in rufe. Nan ka nuna mini gaɓar da ke haɗa muƙamuƙi da kai, ka ce ita ce ta gaji.

"Malam, kana da haƙuri, ko?"

"Haka ake cewa, Likita."

"To ga matsalar. Ana ce maka ka yi haƙuri, kai kuma sai ka yi da haƙori."

Ban yi dariya ba sai da na kai bakin titi. Gaskiya ka faɗa. Duk abin da ya ɓata mini rai, ba na magana, cijewa nake yi.

Ba ka yi mini allura ba. Ka ce in riƙa gasa wurin da tawul mai ɗumi, in bar cingam da abinci mai tauri, in tallafe haɓa in zan yi hamma. Ka auna mini robar da ake sawa a haƙora lokacin barci. Ka koya mini cewa bakin da ke hutawa, leɓɓa ne a haɗe, haƙora a rabe. Ko a hanya muka haɗu, kafin gaisuwa sai ka ce, "A rabe suke?"

Jiya na je gidanka. Kowa ya shigo yana cewa a yi haƙuri. Hajiya, matarka, tana amsawa, idonta a bushe. Ina kallon gefen fuskarta: naman da ke ƙasan kunci yana tashi, yana sauka. Na san wannan motsi. Na so in yi magana, sai na ce a raina, ni wa? Wataƙila ma idona ne. Na yi addu'a na fito.

Allah ya jiƙanka, Likita, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka, da 'yan'uwanka, da ma'aikatan asibitin da ka bari.

Hajiya, ki gafarce ni idan na yi shisshigi. Allah ya ba ki haƙuri na gaskiya. Amma kada ki cije. In kukan ya zo, ki buɗe masa baki.