Baba Kai-kawo da Murfin Kasko

Ɗalibai ne suka sa masa Baba Kai-kawo, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin nan ba ya zama. Shi ne mai kula da ɗakin gwajin sinadarai na kwalejinmu, shi ke wanke kwalabe, ya jera su, ya kunna gas, ya goge sikeli. Yana ɗan shekara ashirin aka ɗauke shi shara, tsohon mai kula da ɗakin ya ga hannunsa bai taɓa fasa komai ba, ya jawo shi jiki. Da na zo koyarwa ya yi shekara talatin da ɗaya a wurin. Matarsa ta taɓa gaya mini ranar hutu korarsa take yi daga gida, don in ya rasa abin yi sai ya shiga kicin ya sake mata jerin kwanuka, manya a baya, ƙanana a gaba. 'Ya'yansa mata huɗu, dukansu da tafiya ya yi musu reno, goyo a kafaɗa, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin titi.

Bai yi karatu mai nisa ba, amma darasin farko na 'yan shekarar farko ya haddace shi tsaf, don ta ƙofar ɗakin wanke-wankensa yake jinsa duk shekara. Komai na duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, ba sa ɓacewa, sai dai su sake abokan zama. Na taɓa tambayarsa ko ya yarda.

Ya ce, "Malama, ni ban taɓa ganin zarra ba. Amma sikeli bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma shi ya ce akwai su."

Ni kuwa, gara in faɗa da bakina, ba ni da haƙuri. Sabuwar malama ce, ga takarda a hannu, ga ɗalibai sittin cikin ɗakin da aka yi wa mutum arba'in, ga awa biyu kacal. Ina bayani a gaban allo, Baba yana ratsa tsakanin tebura da awartakinsa, ya taɓa nan, ya leƙa can, takalminsa na roba yana ƙiiƙii a kan siminti. Idon ɗalibai yana kansa, ba ya kaina. Mako uku na daure, a na huɗu abin ya zo mini wuya. Na ɗauko kujera na dangwarar a bakin ƙofa.

Na ce, "Baba, don Allah in ina aji ka zauna nan. Ka gama naka, ka bar ni in yi nawa."

Ya dubi kujerar, ya dube ni, ya ce, "To, Malama." Ya ɗosana a bakinta, ƙafarsa ɗaya tana ta rawa.

Gwajin ranar kuwa shi ne na ƙona magnesiyam. Wani siririn ƙarfe ne mai kama da zare. Ana auna shi, a sa a ɗan kaskon tangaran mai murfi, a ɗora a wuta har ya zama farar toka, a sake aunawa. Abin da ake so ɗalibi ya gani da idonsa shi ne tokar ta fi ƙarfen nauyi, saboda ƙwayoyin oksijin na cikin iska sun haɗe da na ƙarfen. Da na ga lokaci yana gudu, sai na ce kowa ya cire murfinsa ya ajiye gefe, wuta ta samu iska mu gama da wuri. Ɗaki ya yi haske, farin hayaƙi ya tashi, yara suna ta murna. Na ga Baba ya miƙe rabi, na harare shi, ya koma.

Sakamako ya fito a juye. Tebur ashirin, sha bakwai tokarsu ta fi ƙarfen sauƙi. Wata ɗaliba mai baki ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ashe dai zarra tana ɓacewa." Aji ya kwashe da dariya. Washegari shugaban sashe ya kira ni ofis, ya ce shekara da shekaru wannan gwajin bai taɓa ba shi kunya ba, me ya faru?

Da na yi shiru na yi tunani da ban kai ga abin da na yi ba. Amma kaina ya ɗau zafi, ina neman inda zan sauke laifin. Na tuna na ga Baba yana kai kwalba har bakin hancinsa kafin ya ajiye ta. Ban yi wata-wata ba na rubuta takarda, na ce idonsa ya yi rauni, bai saita sikeli daidai ba, a mayar da shi sito. Sito ɗaki ne marar taga a ƙarshen baranda, tebur ɗaya, kujera ɗaya, kwalaye har rufi. Shugaba ya ce zai sa hannu ranar Litinin in ban janye ba.

Ranar Juma'a na shiga ɗakin gwaji ni kaɗai na auna ƙarafan da aka san nauyinsu a kan kowane sikeli, ina neman shaida. Duka daidai suke, ko ɗigo babu kuskure. Na zagaya ɗakin ya fi sau goma, na buɗe littafi, na rufe. Ina cikin haka Baba ya fito daga ɗakin wanke-wanke yana goge hannu, ya riga ya ji labarin takardar, don a kwalejinmu bango ma yana kai rahoto. Bai ce mini komai a kai ba. Ya yanko magnesiyam, ya ɗora a sikeli, ya ce in rubuta. Na rubuta giram 0.24.

Ya kunna wuta ya rufe kaskon. Can ya sa awartaki ya ɗaga murfin kaɗan, kamar mai leƙa tukunya ko ta nuna, ya mayar. Ya jira, ya sake ɗagawa, ya mayar. Da hayaƙi ya yi kamar zai fito sai ya danne.

Ya ce, "Wannan farin hayaƙin ba hayaƙi ba ne, Malama, tokar ce da kanta take gudu. A ba shi iska ya sha, a hana shi fita. Yara ba sa iya wannan a ranar farko, wani ya buɗe da yawa, wani ya manta ya buɗe. Shi ya sa nake bin tebura."

Ina da wannan a littafi, na ci jarrabawa a kansa, amma ni na ce a cire murfi, ni na zaunar da wanda zai rufe. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na jawo takarda nan take na fara rubuta janyewa, ina ba shi haƙuri.

Kasko ya huce. Ya ɗauka ya ɗora a sikeli, ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye. Sai ya ɗago ya ce, "Karanta mini."

Na cire nauyin kaskon na ce, "0.39, Baba. Ya ƙaru."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Sikeli lafiyarsa lau, wannan kin yi mini ƙage. Amma maganar ido ba ki yi ƙarya ba. Tun bara ba na ganin lambar nan. Yara nake sawa su karanta da ƙarfi, suna zaton gwada su nake yi. Kwalabe kuma da wurin zamansu nake gane su. Watan jiya wani ya canja wa asid wuri, saura kaɗan in zuba wa yarinyar mutane a matsayin ruwa. Ban gaya wa kowa ba, ko a gida."

Na ce za mu je asibiti, akwai tabarau, akwai aiki. Ya ce babbar 'yarsa nas ce, ya tambaye ta a kaikaice kamar don wani abokinsa, ta ce irin wannan ba ya gyaruwa, sai dai a rage masa gudu.

Na riƙe takardar janyewar kwana biyu. Na saka ta a jaka, na fitar, na kai ƙofar ofishin shugaba na dawo. Na san dalilin da ya sa na rubuta ta farko mugun dalili ne, na kuma san ɗalibai sittin za su shiga ɗakin nan ranar Talata, ga asid a kan kanta. Ban miƙa janyewar ba. Ranar Litinin da hantsi shugaba ya sa hannu a takardar farko, ni na kai wa Baba kwafinsa, ya karɓa da hannu biyu ya ce in karanta masa.