Baƙar akuyar Lugu

Ni da na bar lakwal, wato makarantar boko, tun ajin sizyam, abu guda na iya da kyau: cika baki. A fada, wurin shan shayi, na sha cewa ba ni tsoron iska ko doguwa. Shi ya sa da abokina ɗan kabu-kabu zai kai saƙo Lugu, garin da ya yi suna da iskoki, na ɗare bayan babur ɗinshi.

Ya aje ni bakin gari, ni kuwa na kutsa lunguna da ƙafa. Rairayi har idon sawu, dangar kara, rumbunan hatsi sun fi ɗakunan kwana kyau. Tsofaffi na zaune gindin itace. Na gaishe su da ladabin da ko babana bai taɓa samu ba, don tun muna yara ake ce muna garin nan ba a wasa da shi.

Sai na ji numfashi bayana. Akuya, baƙa ƙirin. Na tsaya, ta tsaya. Na sha kwana, ta sha. Na karanto duk surorin da na sani, ba su da yawa, na sake daga farko. Tana nan, idonta cikin nawa. Na ce shi ke nan, doguwa ta zaɓe ni, har garinmu Dogon Dutsi za ta raka ni, kuma sai 'yan bori sun yi mini girka.

Na faɗa wani gida ba sallama. Wata tsohuwa na sussukar hatsi.

"Kai, mijina, wa ya koro ka?"

"Kaka, don Allah ki ba ta haƙuri, wallahi ban taɓa komi ba."

"Wa?"

Na nuna da baki. Tsohuwa ta aje taɓarya, ta yi dariya har da tari.

"Wagga? Kasuwarku na sayo ta, ɗan birni. Tunda ta zo ba ta cin kirki, sai kuka."

Sannan na dube ta da kyau. Kunnen hagu a tsage, inda kare ya kama ta tana ƙarama. Akuyar innata ce da aka saida bayan salla, wadda na lalata da guntun burodi da ganyen shayi.

Na miƙa ma akuyar hannu. Ta zo tana taunar bakin rigata.

"Tunda ta ga nata, zamna har ta ci dusa," in ji tsohuwa.

Na zamna. Ta cinye tas, har da lasar kwano.