Kawu Tela Bai Taɓa Buge Ko Kaza Ba

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Kawu Tela ya san shi da abu biyu. Na farko, ba ya hawan keken ɗinki da takalmi. Da ya iso da safe zai tuɓe su a bakin ƙofa, ya ɗora ƙafafunsa biyu kan matakin keken, ɗaya gaba ɗaya baya, ya yi ta kaɗawa har la'asar. Na biyu, kafin ya gama auna kafaɗarka sai ka sha labarin lasisinsa.

Lasisin tuƙi ne na gaske, yana kwance cikin gwangwanin maɓallai, an naɗe shi a ƙyalle. Tun yana saurayi ya same shi, lokacin da wani kamfanin yadi ke neman direba. Kawu ya koyi mota, ya ci jarrabawa, ya je da ɗokinsa ya tarar an ba wani aikin. Ya dawo kan kekensa, bai sake riƙe sitiyari ba. Amma bai taɓa barin lasisin ya mutu ba. Da wa'adi ya kusa zai yi aski, ya sa takalminsa sau-ciki na fita kunya, ya je a ɗauke shi sabon hoto.

"Shekara talatin da ɗoriya ina da lasisi," yakan ce, tef rataye a wuya, "ban taɓa buge ko kaza ba."

Matarsa in ta kawo masa abinci ta ji, sai ta ce ai sai dai in kazar ce za ta shigo shago ta kwanta ƙarƙashin keke.

Ana nan sai Auta, 'yar ƙanwarsa, ta sami aikin rarraba magunguna a shaguna. Sharaɗin aikin shi ne ta zo ranar Litinin da motarta da takardar inshora, in ba haka ba a ba na bayanta. Motar dai ta samu. Yayyenta sun haɗa mata kuɗi, ta sayi wata 'yar tsohuwa mai canza giya da kanta, wadda ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai an lallashe ta. Inshorar ce ta zame mata ƙarfen ƙafa. Duk ofishin da ta shiga, da sun ga shekarunta da sabon lasisinta mai ƙamshin roba, sai su faɗi kuɗin da har ta taɓa tambayar wani ko ya ɗauka motar ta zo saya.

A ofishi na ƙarshe ta dace da wata mata mai gilashi a kan hanci. Matar ta ce mata ba ƙiyayya ba ce, kamfani na kallon sabon direba kamar ƙwai a hannun mai gudu. Amma in tana da wani babba a gida mai tsohon lasisi, wanda bai taɓa haɗari ba, kuma shi ma zai riƙa tuƙa motar jefi-jefi, a sa sunansa tare da nata, kuɗin zai sauko sosai.

Auta ba ta tsaya ko'ina ba sai shagon Kawu. Da ya ji bayani ya tsayar da keke, ya buɗe gwangwani, ya aika a kira matarsa don ta zo ta ga ranar da lasisi ya yi.

A ofis matar ta duba kwamfuta, ta ɗaga gilashi, ta sake dubawa. Ta ce tun da take aikin nan ba ta taɓa ganin tarihin direba fari tas haka ba, kamar sabon yadi. Kawu ya gyara zama. Ta miƙa masa biro, ta ce, "Baba, kai ma za ka riƙa tuƙa ta, ko?"

Auta ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Kawu ya dubi biron, ya ajiye. Ya ce wa matar ta yi haƙuri, za su dawo kafin mako ya ƙare.

A waje idon Auta ya cika da ƙwalla. "Kawu, e kawai fa za ka ce."

"'Yar nan, ban taɓa liƙa sunana a rigar da ban ɗinka ba. In na ce e, sai na tuƙa. Kawo makulli."

Suka tafi wani fili a bayan tsohon kanti, inda babu kowa sai matarsa da ta biyo su da kujerarta, wai kada a ba ta labari. Kawu ya tuɓe takalmi a bakin ƙofar mota, ya miƙa wa Auta ta riƙe, ya zauna ya yi bisimilla. Ya ɗora dama kan totur, hagu kan birki. Mota na motsawa ƙafafun suka kama aikin da suka sani: wannan ta danna, waccan ta danna. Motar ta yi tsalle, ta tsaya, ta sake tsalle, kamar kwaɗo ya ga ruwa. Ƙofar bayan nan mai taurin kai ta buɗe da kanta.

Matarsa ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta nuna sawun taya a ƙasa, ɗigo-ɗigo a jere, ta ce ko ba komai Malam ya yi wa filin ɗinki mai kyau, saura aljihu.

Washegari ma haka. Auta ta ce ya janye ƙafar hagu, ya janye, da mota ta tashi ƙafar ta dawo ba sallama. Ta roƙa, ta yi fushi, ta sake roƙo. Kawu ya yi gumi sharkaf, ya rantse ba shi ke aika ƙafafun ba. Ga Litinin na ta matsowa.

Ranar Alhamis Auta ta zo shago ta zauna kan tarin yadi. Ta zuba wa ƙafafunsa ido suna kaɗa keke, ta dubi takalman da ke jere a bakin ƙofa. Sai ta miƙe, ta ruga gidansa ta karɓo sau-cikin nan na ɗaukar hoto.

A fili, da ya sunkuya zai tuɓe, ta tare shi. "Kawu, yau da takalmi za ka shiga."

Ya ce ina aka taɓa fara aiki da takalmi, ai raina sana'a ne.

"Shi ya sa. Ƙafarka da ta ji ta tsirara sai ta ɗauka shago ta zo."

Ya sa su yana gunaguni. Ikon Allah, ƙafar hagu ta koma gefe ta zauna kamar baƙuwa a gidan surukai, ta dama ta danna a hankali. Motar ta tafi sumul, ta zagaya filin, ta dawo ta tsaya gaban kujerar matarsa. Kawu ya sauke gilashi ya tambaye ta ko tana son a rage mata hanya.

Da kansa ya tuƙa su ofis washegari. Masu keken hawa na wuce su, wani dattijo mai sanda ya jera da su har suka gama gaisawa, amma sun isa. Ya ajiye motar a wurin mota biyu, ya shiga ya ce wa matar ta sake waccan tambayar. Ta sake. Ya ce e da ƙarfi, ya sa hannu. Kuɗin ya sauko inda albashin Auta zai iya ɗauka, ranar Litinin kuwa ita ta fara isa wurin aiki.

Yanzu duk ƙarshen mako takan kawo masa motar, ya sa sau-ciki ya je sayen zare da allura, don kada e ɗinsa ya zama ƙarya. Har yau in yana auna ka zai gaya maka bai taɓa buge ko kaza ba. Matarsa ta ce wannan karon gaskiyarsa ce, don da idonta ta ga wata kaza ta sha gabansa, ta tsallaka titi, ta dawo ta kwashi 'ya'yanta, shi bai iso ba.